Yadda ake kafa tsarin maki da rangwame a shago ba tare da riba ta zurare ba

Gyara ba baƙuwa ba ce a kasuwancin Sakkwato. Mai awo a Kasuwar Kara yakan ƙara wa wanda suka saba ɗan abu a kan tiya, mai yadi a Babbar Kasuwa yakan rage wa Hajiyar da ba ta tsallake rumfarsa. Tsarin maki wannan al'adar ce aka ɗaure da lissafi: duk sayayyar da mutum ya yi ana rubuta masa maki, in sun taru a rage masa kuɗin kaya da su. Sai dai gyara ana ba da ita nan take ta wuce, maki kuwa alkawari ne da ke taruwa a wuyan mai shago har ranar da za a zo karɓa. Bashi ne. Wanda ya ɗauke shi a matsayin bashi tun ranar farko ba zai sha mamaki ba in azumi ya kama kowa ya taho da nasa.

Fara da riba, ba da ciniki ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai shago ya ce "zan ba da kashi biyar" don kawai adadin ya yi daɗin faɗi. Kashi biyar na ciniki ba ƙaramin abu ba ne in aka auna shi da riba.

Ɗauki misalin kantin kayan masarufi a Mabera ko Arkilla da ke cinikin N6,000,000 a wata, ribarsa a kan kaya kashi 12 cikin 100, wato N720,000 kafin a cire haya, albashi da man janareta. In ya ba da maki da darajarsu ta kai kashi 1 na ciniki, N60,000 ke nan a wata, kusan kashi 8 na ribarsa. Kashi 2 zai ci N120,000. Kashi 5 zai ci N300,000, fiye da kashi 40 na ribar gaba ɗaya.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci: ƙarin ciniki nawa ake bukata kafin tsarin ya biya kansa? Cire kason maki daga kason riba, sannan ka raba tsohuwar ribar da abin da ya rage. A kashi 1, riba ta koma 11, sai ciniki ya kai kimanin N6,545,000 kafin a dawo N720,000, ƙarin kashi 9 ke nan. A kashi 2 sai ya kai N7,200,000, ƙarin kashi 20. A kashi 5 sai ya haura N10,280,000, ƙarin sama da kashi 70, abin da ba wani kati ko maki da zai kawo shi a unguwa ɗaya. Wannan lissafin ya ɗauka cewa kowa ya yi rajista kuma kowa zai karɓi makinsa. A zahiri ba haka zai kasance ba, amma a kan mafi munin yanayi ake gina tsari, rarar da ta biyo baya taka ce.

Saboda haka kantin kayan masarufi ya tsaya a kashi 1. Mai turare, takalma, atamfa da shadda ko kayan kwalliya, wanda ribarsa kan kai kashi 30 a misali, zai iya ba da kashi 3, domin ƙarin cinikin da yake bukata bai wuce kashi 11 da ɗan ɗoriya ba.

Ƙa'ida biyu da kowa zai iya riƙewa a ka

Tsarin yana da ƙofar shiga da ƙofar fita: nawa ake kashewa a samu maki ɗaya, da kuma nawa maki ɗaya yake in an zo karɓa. Mafi sauƙi shi ne kowace N100 maki 1, kowane maki N1. Mai son kashi 2 sai ya ce kowace N50 maki 1, mai son kashi 3 ya ce kowace N100 maki 3. Ƙofar shiga ake taɓawa, darajar maki a bar ta a naira ɗaya. Wasu suna son kumbura adadi, su ba da maki 10 a kowace N100 sannan su ce maki 1,000 ne N100. Lissafin ɗaya ne, amma ranar da mutum ya ga yana da maki 8,000 aka ce masa N800 ne, zai ji kamar an yaudare shi, kuma zai faɗa wa maƙwabta.

Ana zubar da ɓurɓushi zuwa ƙasa: sayayyar N4,750 maki 47 ce. A rubuta wannan a allo tun farko don kada a yi musu a kan kanta.

Ba kowane kaya ne zai ɗauki maki ba. Buhun shinkafa, buhun sukari, jarkar mai, katin waya, duk kaya ne da kuɗinsu ke da yawa ribarsu siririya. In buhu na N60,000 ribarsa N1,800 ce, maki 600 sun tafi da kashi ɗaya cikin uku na ribar. Raba kayan shago gida uku: masu cikakken maki, masu rabin maki, da marasa maki. Kada rukunin marasa maki ya yi yawa har mutum ya cika kwali ya tarar ba abin da ya samu. Abu huɗu ko biyar da kowa ya san ribarsu ba ta da yawa sun isa, kuma mutane ba su cika gardama a kansu ba.

'Yan sari ma a ware su. Wanda ya zo daga Illela, Gwadabawa ko Wurno ya ɗauki katan ashirin ya riga ya samu farashin sari. In ka ƙara masa maki a kai, rangwame biyu ka yi wa ciniki ɗaya, kuma shi ne zai kwashe mafi yawan abin da ka ware. Ko dai farashin sari ko maki.

Sharuɗɗan karɓa

Sa mafi ƙarancin makin da za a iya karɓa. Ma'auninsa shi ne mai sayayya na yau da kullum ya kai gare shi cikin mako huɗu zuwa shida. Gidan da ke cefanen N15,000 a mako zai tara maki 500 a mako na huɗu, don haka 500 ya dace da irin wannan kanti. In ka sa 5,000, sai ya yi kusan wata takwas bai ga komai ba, kafin nan ya manta da zancen. Rangwamen farko shi ne ke tabbatar wa mutum cewa abin gaskiya ne, kada a nisanta shi.

Sa kuma iyaka a sama: maki ba za su biya fiye da kashi 25 na rasit ɗaya ba. Wannan yana hana mutum ya shigo ya ɗebi kaya ya fita ba ko sisi a aljihun tebur, kuma yana sa mai maki 2,000 ya yi sayayyar akalla N8,000.

Sabon maki a kan kuɗin da aka biya kawai ake lissafa shi. Wanda ya sayi kayan N18,000, ya yi amfani da maki 2,000, ya biya N16,000, sabon makinsa 160 ne ba 180 ba. Makin da aka samu yau ba a kashe shi yau, sai a zuwa na gaba. In ba haka ba mutane za su riƙa raba sayayya gida biyu, su biya rabi su rage rabi da makin farko, kuma manufar tsarin, wato mutum ya dawo, ta ɓace. In an dawo da kaya a cire makin da suka kawo, ko da ragowar mutum za ta koma ƙasa da sifili.

Sai batun bashi, wanda a shagunanmu ba a tsallake shi. Mai ɗaukar kaya sai ƙarshen wata ba ya samun maki ranar ɗauka, sai ranar biya. Za ka iya ma cewa wanda ya biya cikin kwana 30 yana da cikakken maki, wanda ya wuce ba shi da ko ɗaya. Wannan sharaɗin yakan taimaka wajen karɓo bashi ba tare da an ɓata fuska ba, domin ladan gaggawa ne ba tarar jinkiri ba: ba a ƙara wa mai bashi ko kwabo a kan abin da ake bin sa.

Kyautar kaya maimakon ragin kuɗi tana da arha ga mai shago, domin turaren da ake sayarwa N1,000 ƙila N700 aka saro shi. Amma kada a ɗaure maki da wani takamaiman kaya, a ce maki 1,000 gwangwanin madara ne. Farashi yana tashi, alkawarin kuma yana nan, sai ka wayi gari kana ba da kayan N1,600 a kan maki 1,000. A bar maki a naira, mutum ya zaɓi abin da yake so a farashin ranar.

Wa ke da makin?

Lambar waya ta fi kati. Kati yana ɓacewa, yana jiƙewa, kuma buga shi kuɗi ne. Amma lamba tana da nata matsalolin. Mutane da yawa layi biyu ko uku gare su, yau su ba da wannan gobe wancan, maki su warwatse. Lokacin rajista a tambaya: "Alhaji, wane layi ne ba ya barin aljihunka?" A rubuta shi a matsayin babba, na biyu a ajiye a gefensa.

Yawancin sayayyar gida kuma ba mai kuɗin ke zuwa ba. Uwargida tana aiko yaro, ko direba, ko mai kabu-kabun da aka saba da shi. Ƙa'idar da ke aiki ita ce kowa zai iya faɗin lambar gidan a zuba maki, amma ba a cirewa sai mai lambar ya zo da kansa ko an kira shi a gaban ɗan aiken: "Hajiya, Sani ya ce a cire maki dubu ɗaya a cikin kayan nan, da izininki?" Kiran daƙiƙa ashirin ne. Gidan da ke da mata fiye da ɗaya a tambayi maigida tun farko ko asusu ɗaya yake so ko kowace ɗaki da nata, don kada shago ya tsinci kansa a cikin rigimar da ba tasa ba.

Masu zuwa daga Birnin Ƙonni da sauran garuruwan Nijar lambarsu alƙalumma takwas ce bayan 227, tamu kuwa goma sha ɗaya. In manhajarka ta kafe sai goma sha ɗaya, ka gwada wannan kafin ranar buɗewa.

Bayanan da za a karɓa: suna, lamba, unguwa, shi ke nan. Ba ruwan shago da NIN ko BVN ɗin mutum. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanadi cewa a sanar da mutum abin da za a yi da bayanansa, kuma kada a karɓi fiye da abin da ake bukata. A takardar rajista a sa layi ɗaya da ke cewa ya yarda a riƙa turo masa saƙo, ya sa hannu ko ya dangwala. Kada a ba wa kowa jerin lambobin, ko da ɗan'uwa ne mai neman ƙuri'a.

Littafi, kwamfuta ko manhaja

Shagon da masu rajistarsa ba su wuce ɗari ba, littafi ya ishe shi: kowane mutum shafinsa, a jera shafukan bisa alƙalumma huɗu na ƙarshen lambar waya, a yi layuka na kwanan wata, lambar rasit, kuɗin da aka biya, makin shiga, makin fita, ragowa da sa hannun wanda ya rubuta. Kowace Juma'a a ɗauki hoton shafukan da aka taɓa. Gobarar kasuwa ba labari ba ce a Sakkwato.

Daga ɗari zuwa sama a koma Excel ko Google Sheets. Shafi ɗaya na mu'amala, kowane ciniki layinsa, shafi na biyu na mutane. In kuɗin da aka biya yana layin tsaye na D, rubuta =INT(D2/100) zai fitar da maki ya zubar da ɓurɓushi, umarnin tarawa na SUMIF kuma ya tattara na kowace lamba a shafi na biyu. Kafin a rubuta lamba ko ɗaya, a mayar da layin lambobin waya ya zama na rubutu ba na lissafi ba. In ba a yi haka ba Excel zai hadiye sifilin farko, 0803 ta koma 803, mutum ɗaya ya zama biyu.

Mai son abin ya tafi da kansa sai manhajar sayar da kaya. Loyverse tana da tsarin maki a cikinta, inda ake sa kason ciniki da zai koma maki. Odoo ma yana da shi, masu shagon intanet a WooCommerce ko Shopify kuma suna ƙara shi da ƙaramar manhaja. Wannan daban yake da na'urar cirar kuɗi da ke kan tebur, wadda aikinta karɓar biya. Kowace ka zaɓa, gwada ta da abu biyar kafin ka sanar da kowa: sayayya ta yau da kullum, sayayyar da ta haɗa kaya mai maki da marar maki, karɓar rangwame, dawo da kaya, sannan ka kashe data ka sake yin duka. Wasu manhajojin kaso ɗaya suke ɗorawa a kan rasit gaba ɗaya, ba su ware kaya. In taka haka take, sai a riƙa buga wa buhu da katin waya rasit daban ba tare da an sa lambar mutum ba. Wasu kuma ba su bari a cire maki in babu sabis, don haka a ajiye ƙaramin littafi na irin wannan lokacin, a shigar da dare.

Inda kuɗi ke zurarewa

Ɓarna mafi yawa daga cikin shago take fitowa. Baƙo ya yi sayayyar N40,000 ba shi da rajista, mai karɓar kuɗi ya sa lambarsa ko ta abokinsa, maki 400 sun shiga. Ba a taɓa aljihun tebur ba, lissafin rana ya daidaita, shi ya sa ake daɗewa ba a gano ba. Alamarta ita ce lamba ɗaya da ke fitowa sau uku ko huɗu a rana, ko wadda ba ta bayyana sai a lokacin aikin mutum ɗaya. Kowane mako a fitar da lambobi ashirin mafi yawan maki a dube su. Wanda ba ka gane fuskarsa ba, kira shi ka yi masa godiya, a nan za ka san ko akwai shi. Kowane ma'aikaci ya shiga manhaja da tasa lambar sirri, ƙara maki ko gyara su da hannu kuma ya zama na mai shago ko manaja kaɗai. Su yaran shago a ba su nasu rangwamen na ma'aikata a fili, a cire su daga tsarin maki.

Wani abin da ke rikita lissafi shi ne canji. In ba a samu N50 ba, da sauƙi a ce "mun mayar maka da ita maki". Ana iya yi, amma wannan kuɗin mutum ne da aka riƙe amana, ba kyautar shago ba. A rubuta shi a layi daban, ba ya mutuwa, kuma in ya nemi tsabarsa a ba shi.

Wa'adi da ajiyar azumi

Makin da ba ya mutuwa bashi ne marar iyaka. Sa wa'adi: wanda ya yi wata 12 bai sayi komai ba, makinsa sun faɗi, kuma a tura masa saƙo kwana 30 kafin nan. Wannan ya fi adalci a kan a share na kowa a ƙarshen Disamba, inda wanda ya yi rajista a Nuwamba zai cutu.

Mutane za su tara maki don kayan azumi da na Sallah, wannan tabbas ne. Kowane ƙarshen wata a haɗa ragowar makin kowa a rubuta jimillar a littafin shago a gefen bashin da ake bin ka, a kuma ware kuɗin da ya kai akalla rabinta. Kada a ninka maki a waɗannan lokutan, masu saye suna zuwa ko da maki ko babu. Ninki na lokacin da kasuwa ta kwanta ne: makonni biyu bayan Sallah, tsakiyar wata kafin albashi, ko tsakar rana a zafin Maris zuwa Mayu lokacin da Titin Emir Yahaya ke yin tsit. Kowane ninki a faɗi ranar farawarsa da ta ƙarewarsa.

In dole ta sa a rage kaso, a ba da sanarwar wata guda, tsofaffin maki kuma su riƙe darajarsu.

Tambayar da za a yi maka

A nan garin ba za a rasa wanda zai tambayi halaccin abin ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2006, ta duba katunan rangwame: wanda ake saye da kuɗi ko a biya masa kuɗin shekara ta hana shi saboda garari, domin mai biya bai san abin da zai samu ba, wanda ake bayarwa kyauta kuma ta halatta shi a matsayin alkawarin kyauta. A aikace, rajista ta zama kyauta, kada a ƙara farashin kaya don cike gurbin maki, kuma kada a cusa ƙuri'ar da sai an sayi kaya ake shiga. Kai wa malamin da ka amince da shi takardar sharuɗɗan ya duba kafin ka manna ta.

Takardar kada ta wuce layi bakwai ko takwas, da Hausa, a manna ta inda ake biyan kuɗi. Mai karɓar kuɗi ya saba da faɗin ragowa da baki bayan kowane ciniki: "Malam, yau ka samu arba'in da bakwai, jimilla ɗari huɗu da sittin, saura kaɗan." Wannan ya fi saƙon waya tasiri, musamman da yake layukan da masu su suka tura STOP zuwa 2442 ba su karɓar saƙon talla, jerin aika saƙo na WhatsApp kuma mutum 256 yake ɗauka, sannan ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar shagon a wayarsa. Don haka a wurin rajista a roƙi mutum ya ajiye ta nan take.

Kafin farawa, rubuta cinikin wata ukun da suka wuce, yawan rasit da matsakaicin kuɗin rasit ɗaya. Fara da mutum talatin zuwa hamsin da ka sani na tsawon wata guda, ka gyara abin da ya karkace, sannan ka buɗe wa kowa. Bayan wata uku duba sau nawa mai rajista ke zuwa a wata, nawa yake kashewa, da kaso nawa na makin da aka bayar aka zo aka karɓa. Kada a gwada watan azumi da watan da ya gabace shi, a gwada shi da azumin bara, a kuma cire abin da tashin farashi ya ƙara. In karɓa ta yi ƙasa sosai, ba riba ka ci ba, mutane ne ba su damu da tsarin ba: sauko da mafi ƙarancin maki daga 500 zuwa 300 kafin ka yi tunanin ƙara kaso. In kuma kowa yana karɓa amma zuwa da sayayya ba su ƙaru ba, rangwame kake yi wa cinikin da dama naka ne, sai ka mayar da wasu kayan rukunin rabin maki, ka karkatar da ninki zuwa kaya masu kaurin riba.